In ajiye aiki in tafi karatun rigakafin bala'o'i?

Wasiƙar wannan mako daga ƙasar Argungu ta zo. Mun taƙaita ta, mun kuma sakaya sunan mai ita kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum. Shekarata 32, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na yi digiri a ilimin zamantakewar al'umma, na fita da daraja ta biyu ƙarama, yau shekara shida ina aiki a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar mahaifina saura 'yan makonni a yanka, kuma tun daga nan bai koma yadda yake ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na ji ana yin digiri na biyu kan kula da bala'o'i da rage haɗarinsu, ina so in yi. Na tara buhu arba'in na shanshera, ina tunanin in sayar, in ajiye aiki in tafi, in na gama in nemi aiki a ƙungiyoyin agaji. Yayana ya ce wauta ce, in karatu nake so in yi na harkar mulki mai kawo ƙarin girma. Kawuna ya ce bala'i daga Allah yake, ba a zuwa makaranta a karanto shi. Ni kuma tsorona lissafi da kwamfuta, don ban yi kimiyya ba. Ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar wa Baba da mafificin abin da ya rasa, ya sanyaya masa zuciya. Asarar shinkafar da ta riga ta fitar da kai ta fi kowace ciwo, domin iri da taki da kuɗin ƙwadago da bashin da aka ci duk suna cikinta.

Karatun ka yi shi, ya dace da kai. Aikin kuwa kada ka ajiye. Sakin reshe ne kama ganye, kuma za ka ga cewa kujerar da kake zaune a kai a ƙaramar hukuma ita ce mafi tsadar abin da za ka shiga aji da shi.

Wannan fanni ba shi da gida guda. A aji ɗaya za ka tarar da injiniyan ruwa, da malamin asibiti, da jami'in kashe gobara, da mai zana taswira, da malamin gona, da irinka. Tambaya ɗaya ce ta tara su: me ya sa ruwa ɗaya ke shiga garuruwa biyu, wannan ya karkaɗe tabarma bayan mako guda ya ci gaba da harkarsa, wancan ya shekara uku bai miƙe ba? Malaman fannin gida huɗu suke raba amsar. Akwai shi kansa abin da ya taso, ruwa ne ko fari ko gobara ko annoba. Akwai abin da ya tarar a kan hanyarsa, mutum nawa, gona nawa, rumbu nawa. Akwai raunin waɗanda ya tarar: ginin ƙasa ne ko na bulo, da bashi a wuyansu ko babu, akwai tsoho ko mai jego da ba za su iya gudu ba. Sai kuma ƙarfin da ke hannunsu: kwale-kwale, dangi a kan tudu, ɗan abin da aka ajiye, sarkin ruwa da ake jin maganarsa. Injiniya gida na farko ya fi sani. Na uku da na huɗu gonarka ce, su ka karanta, su kake gani kullum a ofis.

Dubi abin da ya faru a maƙwabtanku na Zamfara a 2010, lokacin gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinare ake kawowa cikin gidaje ana daka ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi ɗakin da ya ɗauko gubar. Dole sai da masu ilimin muhalli suka auna ƙasa gida-gida, aka kankare samanta aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai a 2013. Wannan ma bai wadatar ba sai da sarakuna da malamai suka shawo kan mutane aka fitar da niƙan dutse bayan gari. Hana haƙar kwata-kwata kuwa bai yi aiki ba, don mutum ba ya barin abincinsa saboda sanarwar rediyo. Babu fanni ɗaya da zai iya wannan aiki shi kaɗai. Mutumin da ake horarwa a karatun da kake so shi ne wanda zai zauna tsakanin likita da injiniya da hakimi, ya ji yaren kowa, ya san abin da ya kamata ya riga wani.

Inda ake yi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta tallafa wa jami'o'i shida suka buɗe cibiyoyin wannan karatu: Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, da na Maiduguri, Ibadan, Nsukka da Fatakwal. A gare ka Zariya da Minna ne kusa. Hanyar Minna ta bi ta Jega, Koko, Yauri da Kontagora, ta Zariya kuma ta bi ta Sakkwato, Talata Mafara, Gusau da Funtuwa. Ka san halin da hanyoyin nan biyu suke ciki, saboda haka duk lissafin da za ka yi ka yi shi a kan tafiyar rana, da kuɗin kwana idan yamma ta riske ka. Mutane da yawa kuɗin makaranta kaɗai suke lissafawa, sai mota da masauki su karya su a zango na biyu.

Wurin da masu nema suka fi yin kuskure shi ne zaɓen irin digirin, kuma a kan fom ake yin kuskuren, cikin minti ɗaya. Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na ma'aikata, wanda darussa suka fi yawa a cikinsa, binciken ƙarshe gajere ne, ana kuma yawan tsara shi yadda mai aiki zai iya halarta. Akwai na ilimi, wanda ake kira MSc, mai dogon bincike da kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Na farko ya fi sauri, a takarda shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Na biyu kimanin shekara biyu ne, kuma yakan ja. Bambancin da zai dame ka nan gaba shi ne, yawancin jami'o'i ba sa karɓar na ma'aikata a matsayin tsanin digiri na uku, ba sa kuma ɗaukar mai shi koyarwa. In kana hango kanka wata rana a gaban aji a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero, na ilimi za ka cika. In burinka aikin fili ne, na ma'aikata ya ishe ka. Yadda muka karanta wasiƙarka, da iyali da aiki a hannu, na ma'aikata ya fi kama da kai, sai dai ka riƙe binciken ƙarshe da muhimmanci kamar na ilimi kake yi.

Daraja ta biyu ƙarama tana shiga digiri na biyu a mafi yawan jami'o'inmu. Mai daraja ta uku ko babbar difloma shi ake cewa ya fara da diflomar bayan digiri ta shekara guda. Za a nemi kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, da takardar hidimar ƙasa, da wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ka, da cikakken sakamakon jarrabawarka na shekara-shekara wanda tsohuwar jami'arka za ta aika kai tsaye. Wannan na ƙarshe shi ke hana mutane gurbi, don yakan ci watanni. Ka nema tun yau, ka riƙe rasit da lambar takarda, ka riƙa bibiya da ƙafarka. Ka kuma duba takardar sakandarenka a daren nan. In babu kiredit a Lissafi, jarrabawar masu zaman kansu za ka fara rubutawa kafin komai.

Sannan ofis. Kada ka tafi a kan "oga ya ce ba komai". Oga ana canza shi. Ka rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugaban sashenka zuwa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ka haɗa da takardar gurbin da aka ba ka da ta tabbatar da kai a aiki, ka jira amsa a rubuce, ka yi mata hoto uku. Wanda ya tafi babu wannan takarda abu biyu ke samunsa: ko a rubuta shi cikin masu gudun aiki a tsayar da albashi, ko ya dawo da shaidar karatu a ce ba a san da ita ba. In aka ba ka hutu da albashi, za a sa ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi wasu shekaru. Ka karanta yawan shekarun kafin ka sa hannu.

Tsoron lissafi. Ba za mu ce maka babu ba, akwai, amma ga irinsa. Za a ce maka wannan ambaliya ce ta shekara ɗari. Jama'a sukan ɗauka in ta zo bana an huta sai jikoki. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta zo, ko da bara ta zo. In ka gina gida a inda take kaiwa ka zauna shekara 30, yiwuwar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin ɗari. Ko kuma a ce ruwa ya kori mutum 2,000 sun tare a makarantar firamare. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi, wanda ake kira Sphere, ya ce kowane mutum lita 15 na ruwa a rana. Lita 30,000 ke nan, jarka 1,200 mai lita 25, ko tankar lita dubu goma sawu uku, kullum. Bayi ɗaya ga mutum 20, wato ɗari, ko da yake a kwanakin farko akan fara da ɗaya ga mutum 50, wato arba'in. Ramin ya nisanci rijiya da mita 30, gindinsa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A nan ne ɗan fadama zai ɗaga hannu ya ce, a garinmu cikin Satumba in ka haƙa kamu biyu ruwa ne. Sai a koma ga bayin da ake ɗagawa sama. In ba a yi haka ba, amai da gudawa ke biyo baya, kuma sau da yawa ɓarnarsu ta fi ta ruwan. Wanda ya iya lissafin buhu da taki da ladan 'yan ƙwadago zai iya wannan.

Kwamfuta ita ce ke bukatar shiri na gaske, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu ta hannu, ko 'yar gwanjo ce, mai ƙwaƙwalwar aiki gig 8, don mai gig 4 tana tsayawa cak idan aka buɗe mata hoton tauraron ɗan'adam. Abu uku za ka koya kafin ka shiga aji. Excel, har ka iya tace bayanai da haɗa jimla da zana jadawali. KoboToolbox, wanda ake tsara takardar tambayoyi da shi a cika a waya ko babu intanet, kuma kusan duk ƙungiyoyin agaji sun san shi. Sai QGIS na zana taswira. Biyun ƙarshe kyauta ne. Awa ɗaya bayan sallar isha'i, wata huɗu, ta isa ta cire maka tsoro.

Yanzu ga abin da ya fi komai, wato binciken da za ka yi. Illar karatun da ya haɗa fannoni da yawa ita ce mutum ya ɗanɗani komai ya fito bai ƙoshi da komai ba. Ya san sunan yarjejeniyar Sendai ta 2015 zuwa 2030, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan rage haɗarin bala'o'i, ya haddace ginshiƙanta huɗu, amma in aka ba shi gari guda aka ce ina ruwa zai fara shiga, su wa za a fara kwashewa, sai ya yi shiru. Maganin wannan shi ne ka shiga da matsala ɗaya da wuri ɗaya, kowane darasi ka riƙa auna shi a kansu. Taka matsalar tana gabanka.

Ruwan da ke wucewa ta Argungu ba na saman Argungu ba ne kawai. Gulbin Rima ne da ya biyo ta dam ɗin Goronyo, da gulbin Sakkwato da ya biyo ta dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, suka haɗe suka gangaro, suka wuce Birnin Kebbi, suka karɓi gulbin Zamfara da na Ka, suka faɗa Kwara. Ita Kwara cika biyu take yi: ta damina da ruwan yankinmu ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, da wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini ta iso cikin sanyi. Idan ta cika, gulbi ba ya samun mashiga da sauri, sai ruwa ya yi kwance a fadamun da ke kusa da mahaɗar. Ana auna tsayinta a Jidere Bode, nan cikin jiharku. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, tana fitar da na ambaliya kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ke nan labari yana nan. Tambayar da ba a cika amsawa ba ita ce, tsakanin ofishin da ya san ruwa na zuwa da manomin da ke cikin gona, ina labarin ke maƙalewa? Kwana nawa yake yi daga hukumar jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa uban ƙasa, zuwa hakimi, zuwa masallaci? Da wane harshe ya iso? In ya iso, me manomi zai iya yi da shi? "Za a yi ambaliya bana" ba ta ce masa komai ba. "Ruwa zai iso fadamarku cikin kwana huɗu" tana sa ya tara gayya ya yanke abin da ya nuna, ya ɗauke injin ban ruwa, ya kwashe rumbu. Mai ilimin zamantakewa da ke aiki a ƙaramar hukuma ya fi kowa dacewa da bin wannan sawu, don takardun ta gabansa suke wucewa.

Ka ɗauki gari uku: na bakin gulbi, na tsakiyar fadama, da na kan tudu wanda gonakinsa kaɗai ruwa ke ci. Kada ka ce za ka yi jihar Kebbi duka da ƙananan hukumominta 21, ba za ka gama ba. Lokacin shiga fili Oktoba zuwa Disamba ne, bayan ruwa ya ja, kafin a yi sabon yaɓe. Shatin da ruwa ya bari a jikin katangar masallaci ko aji shaida ce da ba ta mantuwa. Ka sa awo ka auna daga ƙasa, ka ɗauki hoto, ka ɗauki lambar wurin da wayarka. In ka yi wannan a wuri talatin a gari guda ka samu taswirar zurfin ruwa wadda babu ita a kowane ofis.

Ga inda aiki ke lalacewa. Da zarar ka shiga gari da takarda da biro, za a ɗauka rajistar tallafi ce. Mai asarar buhu goma zai ce talatin, kuma ba laifinsa ba ne, ya saba ganin ana rubuta suna ana kawo kaya. Ka bi ta fada da wasiƙar makaranta, ka roƙi hakimi ya faɗa da bakinsa cewa wannan ɗalibi ne, babu rabon komai, kai ma ka maimaita a kowane zaure. Kada ka sa riga mai tambarin wata hukuma. Kada ka bar mai gari ya zaɓo maka gidaje, don na kusa da shi zai kawo. Ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ka bi layi, duk gida na biyar ka yi sallama. Kada ka tambayi hekta, tambayi mudu nawa na iri ya zuba, buhu nawa yake samu a shekarar lafiya, sannan ka zagaya gonaki goma da waya ka auna don ka san yadda za ka juya lissafin. Kada ka ce "a wane wata", ka ce kafin Babbar Salla ko bayanta, shinkafa ta yi ciki ko ba ta yi ba. Ka ɗauki mace guda ko biyu masu shiga cikin gida, domin asarar awaki da kaji da kayan ɗaki da jarin turara shinkafa mata ne suka san ta, maigida ba ya lissafa ta. Takardar tambayoyin da ka rubuta da Turanci ka mayar Hausa, ka ba wani da bai ga ta farko ba ya sake mayar da ita Turanci, ka ga inda ma'ana ta zame. Ka gwada ta a gida ashirin a wani gari dabam kafin ka fara. Kowane dare ka tura abin da ka tara zuwa intanet, don waya tana faɗawa ruwa.

Hoton tauraron ɗan'adam zai taimake ka, amma ka san inda yake ruɗi. Hoto na yau da kullum gajimare ke rufe shi cikin Agusta. Wanda ke aiki shi ne na Sentinel-1, mai amfani da rada, yana ratsa gajimare, kyauta ne, yana kuma dawowa wuri ɗaya duk kwana goma sha biyu ko ƙasa da haka. Ruwa baƙi yake fitowa a cikinsa. To amma busasshen yashi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa, gonar da ruwa ya shiga amma kan shinkafa na waje kuma ba ta fitowa baƙi. Haka taswirar tudu da kwari ta kyauta mai mita 30, kuskurenta na tsayi yakan kai 'yan mitoci, alhali a fadama rabin mita ne tsakanin wanda ya yanka da wanda ya rasa. Shi ya sa awon jikin katanga ba ya da madadi.

Wani abu da za ka ci karo da shi, tunda shinkafa ce ta kawo ka. Akwai iri biyu da aka fitar a 2017, FARO 66 da FARO 67, masu jure nutsewa na kimanin mako biyu. Jurewar tasu lokacin da shinkafa ke ganye ce. Wadda ta fitar da kai ta kusa yanka, irin ta Baba, ba su cece ta ba. A nan abin da ke aiki shi ne lokacin shuka da iri mai saurin nuna, da raba gona tsakanin kwari da ɗan tudu, da mayar da ƙarfi ga noman rani, da inshorar gona ta NAIC ga wanda ya yi rajista tun farkon shuka. Ɗalibin da ya rubuta "a ba manoma iri mai jure ambaliya" ya tsaya, bai je gona ba.

Batun aiki bayan karatu, gaskiya za mu faɗa maka. Takardar kaɗai ba ta buɗe ƙofa. NEMA da hukumomin jihohi ba kullum suke ɗauka ba. Ƙungiyoyin agaji kuma abin da hannunka ya iya suke tambaya: tattara bayanai da bin diddigin aiki, ruwa da tsafta, rabon tallafin kuɗi, rubuta rahoto da Turanci mai tsabta. Kwangilarsu wata shida ce ko shekara, in kuɗin mai ba da tallafi ya tsaya aiki ya tsaya, babu fansho. Mai iyali ba ya ajiye albashi don wannan sai takardar ɗauka tana hannunsa. Ka yi rajista da Red Cross reshen jiha a matsayin ɗan sa-kai. Ka nemi a sa ka cikin kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukumarku, in babu shi ko ya mutu ka rubuta takardar farfaɗo da shi. Ka sa ido a kan HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke da madatsun ruwa masu samar da lantarki, wadda Kebbi ke cikin jihohinta, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa. Haɗarin jirgin ruwa na Warra a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ma na wannan fanni ne, da duk abin da ya shafi lodi da rigar ruwa da tafiyar dare, kuma masu ilimin da suka san bakin ruwa kaɗan ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbin aiki, ka riƙe kuɗinka. In kuma kana hangen waje, tallafin karatu na Chevening na Ingila da na DAAD na Jamus ga ma'aikatan ƙasashe masu tasowa duka suna neman shekara biyu ta aiki. Kai kana da shida, wani dalilin ke nan na riƙe kujerarka.

Yaya bai yi ƙarya ba. A layin mulki na ƙaramar hukuma, digirin harkar mulki ya fi saurin karɓuwa wajen ƙarin girma. Ka je ofishin ma'aikata ka duba kundin tsarin aiki na layinka, ka ga ko wannan digiri yana cikin waɗanda ake lissafawa. Abin da ya fi tsorata shi dai ajiye aikin ne da sayar da buhu arba'in. Ka je masa da takarda guda: ga kuɗin makaranta, ga mota sawu kaza, ga masauki, ga kwamfuta, ga kuɗin shiga fili, ga kuma ƙarin zangon shekara guda da ka ware ko yajin aiki ko jinkirin malami mai duba aiki zai ja ka. Ka ce, Yaya, aikin ina nan a kansa, ga abin da zan taɓa, ga abin da ba zan taɓa ba. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne jarin noman rani da abincin gida na shekara. Kada ka sayar da buhunan gaba ɗaya da kaka, ka riƙa fitarwa zango-zango yadda bukata ta zo. Mai ɗakinka ita za ta riƙe gida duk ranar da kake hanya, saboda haka ita za ka fara nuna wa takardar nan kafin Yaya.

Kawu kuma ka bi shi da ladabi, don rabin maganarsa gaskiya ce, babu mai tare abin da Allah ya ƙaddara. Ka tuna masa da ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka sanar da shekara bakwai na yunwa, ya ce a noma shekara bakwai a bar hatsi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Ka ce masa, Kawu, abin da zan je koyo ke nan.

Kafin fom ya fito ka sayi littafin rubutu mai kauri. Duk takardar gargaɗi da ta shigo ofishinku a daminar nan ka rubuta ranar da aka sa mata hannu, da ranar da ta iso, da ranar da ta fita zuwa gundumomi. Ka kafa sanda mai zane a mashaya guda, ka samu yaro mai hankali ya riƙa duba ta kowace safiya yana gaya maka. Mutum na farko da za ka zauna da shi da wannan littafi Baba ne. Ka tambaye shi ranar da ya yi shuka a 2020, wane iri ya zuba, yaushe ya fara jin ruwa na zuwa, a bakin wa ya ji, da kwana nawa ruwan ya yi a kan gonar kafin ya ja.